Gardamar Daren Tafiya

Jirgin sama zai tashi gobe, tara na dare, daga Abuja.
Mu kuwa muna tsakar gida a Sabon Gari,
akwati a buɗe, daddawa a ƙulle cikin leda uku,
ba a gama shawarar abin da zai kai ni ba.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya a reluwe,
yana ɗaga tuta, yana juya layi.
Har yau in ya ce “ƙarfe huɗu”
sai ka ji kamar ya buga hatimi.
Ya ce, “Uwani, ki hau jirgin ƙasa.
Ba ya kauce wa rami,
ba ya tsayawa gaisawa da masu shinge,
ba ya jiran mutum ɗaya ya cika.”

Inna ba ta ɗago ba, tana ninke zane.
“Jirgin naka yana ina? Sai an je Rigasa.
Wa zai kai ta Rigasa, ba motar da ka raina ba?
Ɗan’azumi direba ya san gidan nan,
ya ci tuwona ranar sunan Sagir.
In ta ce tsaya, ya tsaya.
In la’asar ta yi, ya sauke su su yi salla.
Jirgi kurma ne,
ko kana gudu kana ɗaga masa hannu.”

“Kurma ne, amma ba ya ƙarya.”

“Wa ya kwana biyu a Minna da goyo?
Ni ko kai?”

Baba ya gyara hula, ya dubi bishiyar gwaiba.

Sagir yana gefe yana latsa waya,
ya ce saura kujera huɗu.
Can ya ce saura biyu.
Aka ɗauke wuta, aka kunna fitila,
gardama ta ci gaba a kan kuɗin mota,
a kan hanya da abin da ake ji game da hanya,
a kan wanda ya fi girgiza ƙugu.
Shekara uku zan yi ban dawo ba.
Wannan ba wanda ya taɓa shi,
kamar tukunyar da ke kan wuta.

Da asuba muka fito Kwangila.
Ƙarƙashin gada ɗan kamasho yana ta kira,
“Kaduna, saura mutum ɗaya!”
Mutum ɗayan nan ya ci mana minti arba’in.
Baba yana duban agogo, yana duban Inna,
bai ce komai ba, amma gemunsa ya ce.
Inna ta sayi ƙosai mai zafi ta tura mini ta taga,
ta ja kunnen yaron mota a kan akwatina.

Da injin ya tashi,
Baba ya kwance agogon daga hannunsa.
Fatar wurin fara ce, rana ba ta taɓa ganinta ba.

To, mota ta kai ni Kaduna, ta Jaji da Maraba,
gwiwata a jikin buhun wani.
Jirgi ya ɗauke ni daga Rigasa,
wata tasi ta ƙarasa da ni.
Kowa ya ci rabin gardamarsa.

A cikin tarago na kira gida,
na kara wayar a jikin taga
don Baba ya ji ƙarfe a kan ƙarfe.
Ya yi shiru, ya daɗe.
Ya ce, “Wannan ba ya kuka irin namu.”
Sannan ya ce, “Ƙarfe nawa a wurinki?”

Na gaya masa.
Daga nesa na ji Inna tana cewa,
“Tambaye ta ko ta ci ƙosan.”